Baje-kolin noma: wa ya taɓa kai kaya, da me ya dawo gida?

Tsohon malamin gona, Tawa

Assalamu alaikum jama'a. Shekaranjiya ina gyaran adaka na ci karo da takardar yabo ta mahaifina, Allah ya jiƙansa, gara ta ci gefe guda. A baje-kolin amfanin gona na gundumarmu aka ba shi ita, saboda damin geronsa. Da na nuna wa jikokina sai na tarar ba su san ana irin wannan taro a karkara ba. Su dai Sahel suka sani, babban baje-kolin noma da aka fara yi a Yamai a 2014, shi ma a talabijin. Abin ya tsaya mini a rai.

Ina yaro, bayan kaka ake yinsa, a filin makaranta. A kafa rumfunan zana, kowane gari ya jingine dammunansa. Masu dubawa su zare zangarniya su gwada ta da kamu, su murza a tafin hannu, su hura ƙaiƙayi su ga cikar tsaba. Mai geron zango yana taƙama da tsawo, mai geron gergera yana cewa a ɗaga a ji nauyi. Wanda ya zo na ɗaya ya samu garmar shanu ko buhun taki, amma abin da ya fi kyautar shi ne kafin la'asar an kewaye shi ana roƙon iri, tiya ɗaya, rabin tiya. Bayan farin 1984, da gwamnatin Seyni Kunce ta matsa kan noman rani, sai rumfunan suka sake kama. Muka fara ganin shu da salati da karoti a wurin da da can hatsi da wake ne kaɗai. Lokacin na kama aiki, da hannuna na jera wasu.

Don Allah duk wanda ya taɓa kai kaya ko dabba irin wannan taro, na ƙauye ko na birni, ya ba mu labari.

Ɗan Illela

Wa alaikumus salam Malam. Mu abin da munka samo wurin taro irin wannan ba kyauta ba ne, rami ne. Can ƙarshen shekarun 1980 anka kai wasu manoman yankinmu Yatenga ta Burkina Faso, sunka ga yadda mutanen can ke gina tassa bisa fako, sunka dawo sunka gwada. Babana bai yarda ba sai ran da ya ga dami biyu jingine wurin baje-koli, anka ce mashi ɗaya daga jigawa ya fito, ɗaya daga fako, kuma na fakon ya fi. Har gonar mutumin ya bi shi don ya gani da idonshi. Ranin nan duk munka sha gina. Ka haƙa rami kamar faɗin ƙwarya, ka tara ƙasar ta gefen gangare, ka zuba taki cikin hannu biyu, gara ta shigo ta huda ƙasa, ruwan farko in ya sauka ya zauna nan maimakon ya gudu. Hannuwana sun yi kanta, ina kuka ina gina. Wannan fakon da ko akuya ba ta tsayawa kanshi, yau shi ke ciyar da gidanmu. Wajen Badagishiri har sayen fako mutane sunka koma yi.

Mai albasa, Galmi

Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni na Yamai na je, sau biyu. Tafiyar ta fi kilomita 500 in ka taso daga Tawa, ka bi Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. Zuwan farko na sha wuya. Waɗanda suka ce za su ɗauki nauyin motarmu ba su cika alkawari da wuri ba, muka kwana biyu a bakin hanya da buhuna cikin rana, kafin mu isa albasar ƙasan buhu ta fara ruwa. Na zauna ina ware ruɓaɓɓu a bayan rumfa ina jin kamar in koma gida. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, don wahalar wata huɗu ce, daga dashe zuwa cira.

Amma a nan na gane darajar abin da muke nomawa. Wani ɗan kasuwa mai kai kaya Gana ya ɗauki guda ɗaya, ya duba jan bawon nan mai shuɗi-shuɗi, ya matsa wuyanta ya ji ya bushe, ya yanka ya sunsuna, ya ce wannan ita ce ta Galmi ta gaske. Ya ce ana kawo musu wata da sunanmu, ba ta yaji kuma ba ta jure ajiya. Tun daga ranar nake fitar da irina da kaina, ba na sayen na gwangwani da ban san asalinsa ba. Yanzu kuwa hukumar OAPI mai kare haƙƙin mallakar fasaha a Afirka ta yi wa sunan albasar Galmi rajista, ita da kilishin Nijar. A rumfar kusa da mu kuma na ga samfurin rudu, wato rumbun ajiyar albasa, da aka ɗaga ƙasansa aka buɗe masa hanyar iska. Na zo na gyara nawa haka, albasata tana kai wa lokacin da kuɗinta ya tashi.

Inna mai cuku, Abalak

Sannunku da hira. Ku maza kuna ta zancen dami da buhu, ku tuna a tarukan da Malam yake faɗa mace ba ta da rumfa, sai dai ta kawo fura ta sayar a bakin fili. Yanzu ku shiga Sahel ku ga yawan rumfunan da mata ke riƙe da su: garin fura busasshe, zogale, man gyaɗa, cuku. Ranar da ƙungiyarmu ta fara zuwa, a tabarma muka shimfiɗa cukunmu kamar a kasuwar gida. Mata 'yan birni su ɗanɗana su yaba, su wuce su sayi na maƙwabciyarmu da ke cikin leda mai tambari da ranar da aka yi shi. Ita ce, Allah ya saka mata, ta zaunar da ni da dare ta nuna mini yadda ake rufe leda da inda ake buga takardar. Shekarar da ta biyo baya ko ɗaya bai dawo gida ba.

Makiyayi, Madawa

Inna, gaskiyarki, amma cukun nan daga nonon wa? A sa dabbobi cikin tarihin. Mu namu taron shi ne Hotungo na Bangi, bikin makiyaya, can ake ganin shanu na gaske. Na taɓa shiga gasar tatsa da wata saniyata azawak, ja, an tatse ta gaban jama'a ana aunawa, ta zo ta biyu. Likitan dabbobin da ke wurin ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya shafa hantsarta, ya ce kada in kuskura in sayar da 'yan maruƙanta mata. Na riƙe maganarsa. Jikokinta bakwai ne a garkena yau.

Ɗan Illela

Malam, gergerar nan da kac ce, akwai sauran irinta hannunka? Mu duk mun koma HKP, irin geron nan mai saurin nuna, saboda damina ta gajarce, amma tsohuwata kullum tana cewa furarta ba ɗaya ba.

Tsohon malamin gona, Tawa

Akwai, ɗana. Ƙanena bai taɓa barin ta ba, kowace shekara yana ware mata gefen gona, yana zaɓen zangarniyar iri tun tana tsaye kamar yadda mahaifinmu yake yi. In ka shigo Tawa ranar Lahadi, ranar kasuwa, ka yi mini magana, zan ajiye maka tiya biyu. Ka zo mini da hoton fakon nan naku in nuna wa yaran. Inna ta Abalak, ke ma in kina da hoton tabarmar farko, a sa mana shi nan.