Zangon gwamnati ko na 'yan kasuwa, ina ya fi mu kwana da motar RV a Amurka?

Dan_Agege:
Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ƙanina da ke karatu a Texas zai gama watan Mayu, ni da Hajiyarmu mun samu biza alhamdulillah. Ya ce bayan biki zai ɗauko hayar motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki, RV suke ce mata, mu yi kwana goma a hanya har Grand Canyon, babban kwazazzabon nan na yawon buɗe ido da ke jihar Arizona. To wai wuraren da ake yada zango iri biyu ne, na gwamnati da na 'yan kasuwa, shi ya dage sai na gwamnati saboda araha, ni kuma tunanina Hajiya, tana da ciwon suga, allurarta sai a firiji, ga zafi ba ta jure shi. Wanda ya taɓa yi ya taimaka.

Baban_Ummi:
Wa alaikassalam Alhaji. Na yi sau ɗaya da iyali. Wajen kyau kam na gwamnati ba shi da na biyu, ka buɗe ƙofa da asuba bishiyoyi ne ko'ina, maƙwabcinka yana can nesa, ka shimfiɗa darduma ka yi sallarka ba mai kallonka. Amma yawancinsu ba wuta ba famfon da za ka jona wa motar, fili ne kawai da tebur da wurin hura wuta. A Grand Canyon ɗin ma Mather Campground haka yake, kuma motar da ta wuce ƙafa 30 ba ta shiga. Kusa da shi akwai Trailer Village mai wuta da ruwa da bututun zubar da ƙazanta, a cikin dajin gwamnati yake amma kamfani ke riƙe da shi. Na gwamnatin tarayya a shafin intanet na Recreation.gov ake kamawa, galibi wata 6 kafin ranar suke buɗewa kuma nan da nan ake cinyewa, in Mayu ne ka ce wa ƙaninka ya duba yau ɗin nan. Maganar allura kar ta dame ka sosai, firijin da yawa daga motocin yana aiki da gas ko batir, a tambaya wajen haya. AC ne dai sai wuta ko janareto, kuma can ba kamar Legas ba ne da za ka bar jen yana ruri har safe, awanni kaɗan suka ware da safe da yamma.

Maman_Sadiq:
Ni dai Alhaji in da tsohuwa a tafiya na 'yan kasuwa zan ce, kuma dalilina ruwa. Maza ba ku lissafa wannan. Tankin motar ƙarami ne, mu kuwa alwala sau biyar, tsarki, wanke-wanke, girki, mutum uku kwana biyu ya ƙare, tankin ƙazanta kuma ya cika sai an nemi wurin juyewa. A na kuɗi kana isa ka jona tiyo ka jona wuta shikenan, ga injin wanki ga wurin wanka mai ruwan zafi ga intanet. 'Yan kamfanin KOA ne suka fi suna, tun 1962 suka fara a Montana, wurarensu sun haura 500.

Amma fa ba duka ne masu kyau ba wlh. Mun taɓa kwana a wani ƙarami a bakin babbar hanya, a hoto ciyawa kore shar, muka je tsakuwa ce zalla an jera motoci kamar tashar Mile 12, tiyon ƙazantar maƙwabcinmu taku biyu daga teburin da na ajiye kular tuwo, na kwashe abincin muka koma ciki muka ci, manyan motoci kuma har gari ya waye ba su bar mu mun runtsa ba, ga kuɗin ya ninka na gwamnati. A karanta abin da waɗanda suka kwana suka rubuta kafin a biya.

Direba_Apapa:
Akwai na tsakiya da ba a ambata ba, na gwamnatin jiha. Yayana yana jan tirela a can, ya kai ni Palo Duro kusa da Amarillo, na jihar Texas ne kuma akwai wuta da ruwa, bai yi nisa da hanyarku ba. Ku tambaya motar 30 amp ce ko 50, don soket ɗin ya bambanta. Kuma wutarsu volt 120 ce ba irin tamu ba, kar Hajiya ta ɗauko hitarta daga gida. In ƙaninka ya kawo maganar filayen BLM, wato hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya, da ake kwana kyauta har kwana 14, ka ce a'a, daji ne ba ruwa ba banɗaki, wani wurin ko sabis babu, ba a kai mai suga can.

Dan_Agege:
Allah Ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Mun yi waya da shi yanzu, mun tsaya kan Palo Duro kwana biyu, hanya a na 'yan kasuwa, Grand Canyon kuma zai nemi Trailer Village, in ya cika mu kwana a waje mu riƙa shiga da safe. Hajiya Maman Sadiq, garin tuwo da kuka daga nan kika tafi da su ko a can kika saya?