Muhawarar zaure: wai in babu Najeriya babu Jamhuriyar Benin?

Injiniya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Lissafin da Malam ya turo jiya da dare, wai a 2024 in aka raba arzikin ƙasa da yawan jama'a, mutumin Jamhuriyar Benin ya ɗara ɗan Najeriya a dala, ni dai bai shige ni ba. Benin tasha ce kawai. Bakin tekunta kaf kilomita 120 ne da 'yan kai, bai kai daga nan Zariya zuwa Kano ba. Su sauke shinkafa da motoci a Kwatano, su karɓi kuɗin fito, 'yan fasa-ƙwauri su tsallako mana da kayan. In babu mu, babu su.

Direban Kwangila: Wa alaikumus salam. Injiniya, rabin maganarka gaskiya ce, kuma ni shaida ne. Shekara tara ina ɗauko motoci daga Kwatano kafin gwamnati ta hana shigo da su ta kan tudu a farkon 2017. Filayen motocin nan na hanyar Seme, in ka shiga sai ka ji Hausa da Yarbanci da Ibo sun danne Faransanci. Ita kuwa shinkafar da ake turarawa kafin a sheme ta, wadda muke kira 'yar waje, su ba ita suka fi ci ba, fara suke so. To jiragen da ke sauke ta daga Indiya da Tailan, cikin wa za ta?

Injiniya: Yauwa! Na gode Yaya.

Direban Kwangila: Kar ka yi saurin godiya, rabi na ce.

Malamin Samaru: Injiniya, ai an gwada maganarka a aikace. Buhari ya rufe iyaka a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Wata 16 ke nan. Sun sha wuya, kuɗin kwastan ɗinsu ya faɗi, tumatir da abarba sun ruɓe a hannun manoman kudu. Amma ƙasar ba ta durƙushe ba. A cikin wannan rufewar ma, a Yulin 2020, Bankin Duniya ya fitar da su daga rukunin ƙasashe mafi ƙarancin kuɗin shiga zuwa na gaba da shi. Tasha in an hana motoci shiga mutuwa take yi. Me ya riƙe su?

Injiniya: Malam, da girmanka, wa ya ce maka iyakar ta rufu? Ƙofa aka rufe, babura ba su daina bin daji ba.

Hajiyar Sabon Gari: Sun bi daji kam, amma ku bari in faɗi nawa. Lokacin da na fara sarin atamfa da leshi a kasuwar Dantokpa ta Kwatano, wajen 2014, jaka ɗaya ta sefa, wato sefa 1,000, ba ta kai naira 400 ba. Da naira muke taƙama, masu shago har rububinta suke yi. A 2024 jakar nan ta haura naira 2,000. Yanzu in ka miƙa naira sai a nuna maka 'yan canji. Na rage zuwa, ba don an hana ni ba, don kuɗina sun zama takarda.

Injiniya: Hajiya wannan ai ba ƙwazonsu ba ne. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Faransa ce ta tsaya mata. Mu namu kuɗin aka sake shi a 2023 ya faɗi, shi ya sa lissafin dala ya juya. Ba su suka hau ba, mu muka gangaro.

Malamin Samaru: A nan na ba ka gaskiya, faɗuwar naira ita ce babban dalilin juyawar lissafin, ni ma ban ce talakan Kandi ta Benin ya fi na Giwa jin daɗi ba. Abin da na ƙi shi ne cewa ba su da komai sai mu. Auduga fa?

Baba Na Giwa: Salamu alaikum. Jikata ce ke rubuta mini, ina faɗa mata. Na ji an ambaci auduga shi ya sa na sa baki. Malam, nawa suke nomawa?

Malamin Samaru: Baba barka da warhaka. A kakar 2020 da ta 2021 sun haura tan 700,000 kowace shekara, kafin a gurza. A kakar da ta gabaci hawan Patrice Talon mulki a 2016 ba su kai rabin haka ba. Daga baya ƙwari sun yi musu ɓarna a 2022 abin ya ragu, amma har yanzu su da Mali ke karɓe-karɓen na ɗaya a Afirka ta Yamma. Kuma yawanci a arewacinsu ne, Banikoara da Kandi da kewayen Parakou. Kudu damina biyu suke yi a shekara, arewa kuwa ɗaya ce irin tamu, ƙasa irin tamu, kana tsallaka Tsamiya a Kebbi ka shiga.

Baba Na Giwa: Allahu Akbar. To ku yara ku saurara. Garin nan da kuke zaune, auduga na cikin abin da ya raya Sabon Gari. Turawan BCGA, ƙungiyar noman auduga ta Ingila, sun kafa injin gurza a Zariya tun farkon zuwan jirgin ƙasa, ga na Funtuwa, ga na Gusau. Layin dogon da ya tashi daga nan ya bi Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda, me kuke zaton yana kwasowa in ba auduga da gyaɗa ba? Muna yara angurya kyauta ake raba mana ta hannun masu unguwanni. Malamin gona ya zo ya faɗi ranar shuka. In kaka ta yi a buɗe kasuwar auduga, a duba ta, a ware lamba ɗaya da lamba biyu, a ɗora a sikeli, a ƙirga maka kuɗinka a hannu. Da kuɗin auduga na yi aurena na fari, da shi na sayi keke. Bayan da aka rushe hukumar sayen auduga a 1986 sai kowa ya zama ɗan kansa. Iri ya gauraye, wani ya yayyafa ruwa, wani ya zuba yashi don nauyi, masu saye suka daina yarda da mu, mu ma muka daina yarda da su. Noman da na yi na ƙarshe wani kamfani ne ya kwashe bashi, sai da na yi shekara biyu ina sintiri kafin a ba ni rabi. Daga nan na koma masara da waken suya, ban waiwaya ba.

Malamin Samaru: Baba abin da ka lissafa shi ne suke yi yanzu, kusan layi bisa layi. Akwai ƙungiyar AIC da ta haɗa manoma da masu gurza. Ana ba da iri da taki da maganin feshi bashi ta hannun ƙungiyar ƙauye, a cire a kuɗin kaka. In mutum ɗaya ya gaza biya, 'yan ƙungiyarsa ke ɗauka, don haka kowa na sa wa gonar maƙwabcinsa ido. Farashi ɗaya ne a ƙasar, gwamnati ke sanarwa, a kakar 2023 sefa 300 ne kilo na mai kyau. Mu kuma ga cibiyar bincike a nan Samaru tun 1922, ta fitar da irin SAMCOT kala-kala, amma tsakanin ɗakin bincike da gonar Baba babu mai ɗaukar kaya.

Anti Lauya: Malam ka faɗi daɗin, ka bar ɗacin. Wa ke da injinan gurzar? Talon kafin ya zama shugaban ƙasa attajirin auduga ne, da taki ya fara, kuma kamfanin SODECO da ya mamaye gurzar daga rukunin kasuwancinsa yake. Manomi ba shi da wanda zai sayar wa sai wanda aka nuna masa, a farashin da aka yanke masa. A nan da wani gwamna zai riƙe taki da sikeli da injin gaba ɗaya, zauren nan da ya kama da wuta. Ga siyasa: zaɓen majalisa na 2019 jam'iyyu biyu kacal aka bari, duka masu goyon bayansa. Kar mu yaba tsari mu manta wa ke cin romon.

Baba Na Giwa: 'Yata, BCGA ma ba don Allah suka yi ba, masaƙun Ingila suke ciyarwa. Amma sun biya ni ranar da suka auna. Wanda ya zo bayan 'yanci da sunan kasuwa a buɗe shi ya riƙe mini kuɗi.

Anti Lauya: Baba na ji, Allah ya huci zuciyarka. Amma biya a kan lokaci da biya daidai ba abu ɗaya ba ne.

Injiniya: To ku tsaya. Ƙasar da ake yabo, wutar wa take sha? Layin da ya tashi daga Ikeja zuwa Sakete namu ne, kuma kusan kowane rahoton NERC, hukumar kula da lantarki, sai ka ga su da Togo da Nijar ana bin su bashi. Man fetur fa? Wanda ake sayarwa a kwalabe bakin titi, suna ce masa kpayo, namu ne mai tallafi. Da Tinubu ya ce tallafi ya tafi ranar 29 ga Mayu 2023, a Kwatano ma an ji a jika, kwalba ta kusa ninkawa. Shekara nawa muna biya wa 'yan acaɓansu mai?

Direban Kwangila: Wannan ba musu. Su zemijan suke kiran acaɓa, masu rigar ɗorawa, da manmu suka girma.

Malamin Samaru: Sun gina tashar Maria Gleta mai megawat 127 a 2019 don rage dogaron, amma bai ƙare ba, na yarda. Kuma in za a faɗi gazawarsu, dogo ne babba. Layin Kwatano ya tsaya a Parakou, kilomita 438, tun zamanin Faransa ake cewa zai kai Yamai. Kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa na Yamai zuwa Doso, rikicin kwangila ya tashi, tsakiyar ba a haɗa ba. Duk kayan Nijar a kan tirela suke bi ta gadar Malanville zuwa Gaya.

Direban Kwangila: Suke bi a da, Malam. Tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 gadar nan ta zama kufai. Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta ƙi. Abokan aikina na can da yawa sun koma Lome, suna zagayowa ta Burkina da rakiyar soja. Abin mamakin, bututun ɗanyen man Nijar daga Agadem, kusan kilomita 2,000, a Seme yake zuba wa jiragen ruwa tun 2024. Mai na wucewa ta ƙarƙashin ƙasa, buhun albasa sai a kwalekwale.

Injiniya: Kun gani? Tasha ce ta ƙasa biyu ke nan, ba ɗaya ba. Na ƙara musu girma.

Hajiyar Sabon Gari: Kai dai Injiniya ba ka saki. Raina kama ka ga gayya. Ka tambayi Malam labarin Glo-Djigbe.

Malamin Samaru: Unguwar masana'antu ce da suka kafa da kamfanin Arise, kamar kilomita 45 daga Kwatano. A da kusan duk audugarsu gurzawa kawai ake yi a tura waje, yawanci Bangaladash. Yanzu a can ana kaɗa zare, a saƙa, a ɗinka riguna a kai Amurka da Turai. Kaso kaɗan ne na abin da suke nomawa, kar in zuguiguita. Amma ka tuna masaƙun Kakuri a Kaduna. KTL tun 1957 take, ta rufe a 2002, UNTL ta biyo baya a 2007. Mu da muka riga su da shekara sittin.

Anti Lauya: Kuma wani ɓangare na abin da ya kashe Kakuri atamfar Sin ce da ta bi ta Kwatanon nan. Hajiya, ba da ke nake ba.

Hajiyar Sabon Gari: Da ni kike, ƙanwata, kuma na ɗauka. Mai saye ta zo da kuɗin turmi ɗaya tana son biyu, in ce mata ta yi kishin ƙasa? Masaƙar da ke kwana kan janareta da baƙin mai ba za ta yi gasa da kowa ba. Laifi tudu ne.

Injiniya: Ni har yanzu ban ga an rushe maganata ba. A cire cinikin Najeriya, a cire manmu da wutarmu, a ga ko auduga za ta biya albashin soja. Ga arewacinsu ma ya fara ɗaukar zafi, dajin W da Pendjari 'yan bindiga sun shiga, a Afrilun 2025 sojoji 54 aka kashe musu a rana ɗaya. Kuma yankin audugar ke nan.

Malamin Samaru: Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, fiye da rufe iyaka. Mun ga yadda noma ya koma a Birnin Gwari da yammacin Giwa.

Baba Na Giwa: Gonata ta bakin daji shekara huɗu ban taka ta ba.

Direban Kwangila: Allah ya kawo sauƙi Baba. Injiniya, ga ɗayan rabin da na riƙe maka. Gwamnatinsu ta hana fitar da ɗanyen waken suya da kashu don masana'antun Glo-Djigbe su samu. Manoman wajen Nikki da Parakou suka ga farashin gida bai yi musu ba, sai suka riƙa ɗorawa a babura da dare suna tsallakowa ta Borgu. Yanzu jami'ansu ne ke bin daji suna kama masu kawo mana kaya.

Injiniya: To ai ka ƙara ƙarfafa ni Yaya. Ko nasu suka noma, mu ne kasuwar.

Anti Lauya: Ni kuma ka ƙarfafa tawa, manomi na gudun farashin dole.

Baba Na Giwa: An kira la'asar a nan. Malam, in ka shiga ofis gobe ka tambayar mini ko ana samun angurya mai kyau da ba a gauraya ba, ko mudu biyar ne. Akwai fegi a bayan gida, ina so yaran nan su ga yadda take fashewa kafin in mutu. Sayarwa kuma sai in Hajiya za ta saya.

Hajiyar Sabon Gari: Baba ni turmi nake saye, ba kaɗa ba. Amma ka ajiye mini ta matashin kai biyu.