Wace bindigar feshin fenti za a saya a Maraɗi?

Da masu zanen allunan shaguna suka zauna hira kan ƙaramar bindigar feshi, Iwata ta Japan ce ta kwashi yabo: feshinta sumul, ga ƙarko, sai dai kuɗinta ba na ɗan koyo ba ne. Badger da Paasche na Amurka sun fi dama-dama. Harder & Steenbeck ta Jamus kuwa, daɗin kwancewa a wanke gare ta.

Wani dattijo ya ce allurar cikin bindigar da bakin da fenti ke fita su ke fara lalacewa, samunsu nan kuma aiki ne, sai an yi saƙo Kano. Shi ya sa akasari suka ce sabon hannu ya fara da ƴar Sin mai bakin milimita 0.3, ya riƙa tace fenti saboda ƙurar hunturu.