Me za mu ce wa "crampe" da Hausa?

Ƴan uwa, ku taya ni. Jiya a fadarmu ta Zango muna sake kallon wasan tanis na Alcaraz da Djokovic, na kusa da ƙarshe a gasar Roland Garros ta 2023, sai kawuna ya ce: "Kai ɗana, me ya sami yaron nan?" Na buɗe baki, ba abin da ya fito sai "crampe". Abin ya dame ni har na kwana da shi.

Farkon zagaye na uku ne ƙafar Alcaraz ta dama ta riƙe, ya kasa takawa. Djokovic ya cinye zagaye biyun ƙarshe 6-1, 6-1.

Wani ya ce gajiya. Gajiya a hankali take shiga jiki, wannan kuwa farat ɗaya tsoka ke dunƙulewa ta yi tauri, ta ƙi saki. Gajiya ce ke share mata hanya, haka ma zufa in ta kwashe ruwa da gishirin jiki. Alcaraz kansa ya ce fargabar wasan ce ta jawo masa.

Minjirya? Wannan ta wanda ya daɗe zaune kan tabarma ce.

Targaɗe kuma ban yarda da shi ba sam, kuma a nan ne maganar ke da nauyi. A dokar tanis, mai targaɗe ana duba shi, a ba shi minti 3 a yi masa magani. Mai "crampe" ba a tsayar masa da wasa, sai lokacin hutun da ƴan wasa ke canja gefen fili. Shi ya sa Alcaraz ya sarayar da ɗaya daga ƙananan wasannin da ke cikin zagayen sukutum don a samu a murza masa ƙafa. In mai sharhi a rediyo ya ce targaɗe, mai sauraro zai ɗauka an zalunci yaron.

Saura biyu. Ƴan ƙwallo da ƴan kokowa na cewa jijiya ta ɗaure, kowa kuma ya gane. Sai dai jijiya a bakinmu ta yi yawa: ta jini jijiya, ta agara jijiya, alhali abin da ke dunƙulewa tsoka ce.

Ni na tsaya kan ƙagewar tsoka. Na gwada wa kawu: "Tsokar ƙafarsa ce ta ƙage." Ya ce: "To, irin wadda ke kama ni a sha-raɓa in na wuni noma." Bai nemi ƙarin bayani ba.

Mutanen Maradi da Tawa, ku ma haka kuke cewa?