Neman shawara: in bar intakula a saman injin ko in mayar da ita gaba?

Mai tambaya, daga Unguwar Dosa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Subaru Forester mai turbo, ƙirar 2007, 'yar Amurka, injin lita 2.5, giya mai sarrafa kanta. Da asuba ko bayan isha'i sai ka ce doki, amma tun da zafin Maris ya shigo, idan na daɗe cikin gosulo a Ahmadu Bello Way da rana tsaka, hanya na buɗewa na taka totur sai ta yi nauyi kamar na ɗora buhunan siminti. Sai na kusa kaiwa Kawo take dawowa daidai. Allurar zafi ba ta hawa. Bakanikena ya ce intakula ce, wato na'urar da ke sanyaya iskar turbo, wai da yake tana zaune a saman injin zafi take sha, a cire ta a ɗaura babba a bayan bamba. Kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma motar nan da ita nake kai yara makaranta, da ita nake zuwa Zariya gaida Hajiya duk Juma'a. Don Allah masu sani ku ba ni shawara.

Wani injiniya, daga Barnawa:
Wa alaikumus salam Malam. Bakanikenka ya gano ciwon, maganin ne nake da ja a kai. Turbo matse iska take yi, iska kuwa in an matse ta zafi take ɗauka. A ranar da gari ya kai digiri 38, iskar da ke fitowa daga turbo tana iya haura digiri 100 idan ka taka sosai. Aikin intakula ta sanyaya ta kafin ta shiga injin, don iska mai sanyi ta fi cika silinda. Taka tana samun iskar waje ta ƙofar nan da ke kan bonet, wato sai mota na tafiya. A gosulo ba iska, ga turbo da salansa a ƙarƙashinta suna turo zafi sama, sai ta gasu. Da kwamfutar motar ta ji injin na neman ƙwanƙwasa, wato fetur na ƙonewa ba daidai ba, sai ta rage masa ƙarfi don ta kare shi. Nauyin da kake ji ke nan. Ka tuna motar an yi ta ne don fetur mai daraja ta sama, mu kuma iri ɗaya muke samu a gidajen mai, shi ya sa kwamfutar ke saurin ja da baya.

Wani tsohon bakanike, daga Oriapata:
Ɗana, kada ka yanka bambar nan tukuna. Gaban mota layi ne: kwandensan esi na farko, lagireto na bayansa, duk iska ɗaya suke rabawa. Ka kawo wata ƙatuwar intakula ka kafa a gabansu, iskar da za ta isa lagireto ta ragu, wadda ta isa ɗin ma ta riga ta ɗumama. A ƙasar sanyi ba a jin wannan sosai. A Kaduna cikin Afrilu, esi a kunne, yara a baya, za ka ji. Kuma taka mai giya mai sarrafa kanta ce, man giyar ma ta cikin lagireton yake bi ya huce. Yau allurarka ba ta motsi, wannan ni'ima ce. Kan injin Subaru na alminiyam ne, ofahitin ɗaya mai kyau ya isa ya ƙona gasket, kuma gyaran sai an sha wahala saboda yadda silindojin ke kwance a gefe da gefe.

Ka fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ɗaga bonet ka duba ƙarƙashinsa, akwai wata roba da ke haɗa bakin ƙofar iska da intakula. Motocin da suka shekara da yawa a nan robar ta bushe ko ta faɗi, wasu ma masu fenti ne ke cirewa su manta. In babu ita iska watsewa take yi a cikin ɗakin injin. Sannan ka haska tocila ta cikin haƙoran intakular. Ƙurar hunturun bana tana nan a maƙale, ta haɗu da maiƙo ta zama laka. A kwance ta a wanke ciki da waje, a miƙe haƙoran da suka lanƙwashe a hankali, a toshe bakunanta a hura mata iska kaɗan cikin ruwa kamar yadda mai faci ke gwada tub. In ta yi kumfa tana yoyo.

Wani mai Subaru, daga Kakuri:
Baba, da girmamawa, ni na mayar da tawa gaba kuma ban yi da-na-sani ba. Amma gaskiya motar tawa na ƙara mata ƙarfi, kuma hanyar Abuja nake bi kullum. A doguwar tafiya ta gaba ta fi, ba ta gajiya ko ka yi ta taka. Sai dai zan faɗi abin da na biya: an rage ƙarfen da ke bayan bamba, wanda shi ke tare karo, bututun sun yi tsawo har in na taka sai ta ɗan yi jinkiri kafin ta ɗauka, kuma sai da aka sake saita kwamfutar. Sau biyu tiyo na fita a hanya saboda kilif mara kyau. Esina kuma ya rage sanyi a cikin gari, wannan ba zan ɓoye ba.

Wani mai walda, daga Panteka:
Oga, abin da ke zuwa wurina shi ne intakulolin gaba da dutse ya huda ko rami ya fasa, tunda ƙasa-ƙasa suke zama. Da damina kuma laka ke toshe su. In ka ga dama ka kawo motar, a yanka faranti a yi wa turbo rumfa tsakaninta da intakula. Akwai na kamfani a wurin tun asali, sau da yawa an cire ba a mayar ba.

Injiniyan ya ƙara da cewa:
Ba a banza kamfanoni ke bambanta ba. Mitsubishi ta sa ta Lancer Evolution a gaba, Toyota ma da ta fitar da sabuwar Hilux a 2015 ta sauke ta mai dizal daga saman injin zuwa gaba, amma su tare suka lissafa girman lagireto da fanka. Kai naka an lissafa shi ne ba da komai a gabansa ba. Ka kuma tabbatar fankoki biyun suna tashi in ka kunna esi.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma Baba. Yanzu na fita na ɗaga bonet. Robar rabinta ne kawai ya rage, sauran ya marmashe a hannuna, kuma hasken tocila da ƙyar yake ratsa haƙoran. Farantin rumfar turbo ma ban gan shi ba, sai ramukan kusoshinsa. Baba, robar ana samun ta Beljiyam a wajenku, ko sai na aika Legas? In akwai, Asabar da safe ina tafe in sha Allah.

Tsohon bakaniken:
Ka zo da wuri kafin rana ta yi, injin a sanyaye. Ka taho da guntun robar don a gwada.