Sukari na hawa da la'asar, yana faɗuwa da asuba

Abokan aiki, a taimaka da shawara. Majinyaci ne kwance a nan Gusau, kilo 60, mai ciwon sukari, yana shan prednisolone (maganin steroid mai ɗaga sukari) 40mg kowace safiya. Ana yi masa allurar insulin Mixtard 30, yunit 16 da safe, 8 da yamma. Da la'asar sukarin ya kai 19 mmol/L, da asuba ya faɗo 3.6, har da gumi da karkarwa. Ƙarfin prednisolone da rana yake, da dare ya ja baya, allurar yamma kuwa tana ci gaba da aiki. Ga dangi na kawo fura ba lokaci.

Muna neman sukarin ya tsaya tsakanin 7.8 zuwa 10. A rage ta yamma a ƙara NPH (insulin mai matsakaicin daɗewa a jiki) da safe? Gwajin sukari uku kawai yake iya biya a rana, yaushe za a yi su?