Fito da Zanen Yatsa a Kan Jiƙaƙƙen Abu

An tattauna yadda za a fito da zanen yatsa daga wata mota da ruwan sama ya doka a Jos. Ga abin da aka tsayar:

1. Kowa ya yarda hodar fito da zanen yatsa ba ta aiki a jiƙe. Dunƙulewa take, ta ɓata shaida.
2. Gilashi da ƙarfe: a fesa SPR, wato garin sinadarin molibdinom daisalfaid cikin ruwa mai ɗan sabulu. Maiƙon yatsa yake kamawa, ruwa kuwa bai cika wanke maiƙo ba. A ɗauraye a hankali, a ɗauki hoto kafin a ɗaga da salatif.
3. Jiƙaƙƙiyar takarda: ninhaidirin, sinadarin da ke kama amino asid na gumin yatsa, bai dace ba, domin amino asid ɗin ya narke a ruwa. Sai sinadari mai azurfa.

An rabu kan busarwa. Wasu sun ce motar ta sha iska tukuna, wasu a fesa SPR nan take. Ni dai jira a damina na ba ni tsoro.